Na'urar da ta koma tebur a ɗakin Umma



Na san da yawa sun saba idan rubutun mako ya zo, ko dai a yi maganar tsara labari, ko ƙa'idojin rubutu, ko kuma a koka kan kasuwar littafi. Yau a yi min haƙuri, maganar wata na'ura na zo da ita. Wanda ya daure ya kai ƙarshe zai ga inda ta shafe mu.

Autarmu tana da asma tun tana ƙarama. Da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauka, gidanmu ba a barci. Shekara biyu da suka wuce Yayana ya sayo mata na'urar tace iska ta hannu, irin kayan da ake shigowa da su daga waje, aka ajiye a ɗakin Umma inda take kwana. Watan farko kowa yana yaba ta. Da aka shiga wata na biyu sai ta fara wata ƙara, tas! tas! kamar ana karya tsinken tsintsiya, wani lokaci har a hango ɗan tartsatsi ta cikin raga. Umma ta zare ta daga soket ta ce, "Ni ba za a ƙona min ɗaki ina kwance ba." Aka kai wa wani mai gyaran kayan wuta, ya jona, ya ji ƙarar, ya ce allon cikin ne ya mutu, kuma ba a samunsa a nan. Aka dawo da ita gida, Umma ta lulluɓa mata ƙyalle ta ɗora filas da kofuna a kai. Hunturun ya ƙare mana da zuwa asibiti cikin dare har sau biyu.

Abin kunyar shi ne ina cikin gidan, kuma difilomata ta lantarki ce. Kullum ina wuce na'urar, hankalina yana kan labarin da nake rubutawa. Sai da hunturun bara ya gabato na cire ƙyallen na buɗe ta. Babu abin da ya mutu. Ƙura ce ta yi kauri a kan farantan ciki kamar an shafa kunu ya bushe, sannan faranti ɗaya ya ɗan lanƙwasa ya kusa taɓa maƙwabcinsa. Aikin bai wuce na baho ɗaya na ruwan ɗumi da sabulu ba. Littafin bayanin da ya kamata ya gaya mana haka bai zo da ita ba, da ma ya zo, da Turanci zai zo, kuma Umma Hausa take karantawa.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: yawancin kayan wutar da ke jibge a ɗakunanmu da sunan sun lalace, rashin bayani ne ya kwantar da su. Bayanin kuwa ba zai rubuta kansa da Hausa ba, aikinmu ne. Amma don kada na zama mai wa'azin da ba ya aikatawa, bari na fara yin bayanin da kaina, sannan na dawo kan hujja.

Da farko, me ake tacewa? Hazon da ke rufe mu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, babban ɓangarensa daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Wurin tsohon gindin tafki ne da ya bushe, iska tana kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garin ƙasar ta yo kudu da shi. Masana suna ƙirga wannan kwari a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar da muke gani a kan kujera ba ita ce mai haɗari sosai ba, hanci yana tare yawancinta. Matsalar ita ce ƙananan ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce mikron 2.5 ba, alhali silin gashin mutum ɗaya yana kai wajen mikron 70. Irin waɗannan su ne ke zarcewa can cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata su wuce mikrogiram 15 a kowace mita mai sukwaya ta iska a yini guda ba. Ga kuma abin da mu kanmu muke ƙarawa a ɗaki: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin girki da na janareta.

Na'urorin tace iska na gida iri biyu ne manya, kuma kuskuren farko shi ne a ɗauke su abu ɗaya. Akwai mai matatar takarda da ake kira HEPA, wadda fanka ke tura iska ta cikinta, ita kuma ta riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka kai mikron 0.3. Wannan matata idan ta cika sauya ta ake yi. In ban da wadda kamfanin ya rubuta cewa ana wankewa, sa mata ruwa lalata ta ne, ko da ta bushe ta yi fes a ido. Sai iri na biyu, irin tamu, wadda ke kama ƙura da ƙarfin lantarki. Ita wankewa ake yi, kuma rashin wankewar ne ke kashe ta.

Yadda take aiki duk wanda ya yi firamare ya taɓa gani. Ka tuna muna goga biro a gashin kai, mu kusantar da shi ga guntayen takarda su maƙale? Ko yadda fuskar tsohuwar talabijin mai ƙeya take tara ƙura ko an goge ta da safe? To dabarar ke nan. Fanka tana jawo iska, ta fara ratsa wata raga da ke tare gashi da zare da manyan ƙura. Daga nan iskar ta bi ta tsakanin wasu siraran wayoyi, sun fi zaren ɗinki sirantaka, waɗanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin dubban bolt, a wasu na'urorin har wajen bolt 8,000. Kowace ƙwayar ƙura da ta gifta sai ta ɗauki caji. Tana wucewa sai ta tarar da jerin farantan alminiyam a tsaye kusa da juna, ɗaya mai caji ɗaya maras caji, sai ɗaya ya ture ta ɗaya ya fizge ta, ta manne. Wani Ba'amurke masanin sinadarai mai suna Frederick Cottrell ne ya fito da wannan dabara a aikace a shekarar 1907, don kama hayaƙi da tururin asid a masana'antu. Daga baya aka ƙanƙantar da ita ta shigo gidaje.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya san rabin gyaran. Ƙurar ba ɓacewa take yi ba, tana nan a kan farantan. Idan ta yi kauri, farantin ya daina jan sabuwa, sai na'urar ta zama fanka kawai mai cin wuta. Idan kuma datti ko lanƙwasa ya rage tazarar da ke tsakanin faranti biyu, wutar sai ta riƙa tsallakawa, ita ce ƙarar tas-tas ɗin da ta tsorata Umma. Jin ƙarar jefi-jefi ba komai ba ne, wata babbar ƙwaya ce ta faɗa ciki. Wadda ba ta tsayawa ita ce ke cewa a zo a duba.

Ga yadda nake wanke tamu. Ina kashe ta, in zare filogi daga bango, in jira kamar minti ɗaya ko biyu, domin cajin ba ya sauka nan take. Kafin in sa hannu, ina ɗaukar sukudireba mai mariƙin roba in haɗa farantan da ƙarfen jikin na'urar, in akwai sauran caji ya fita ta nan. Sai in zaro ragar gaba da akwatin farantan, ina riƙe shi ta gefe, domin bakin farantan yana yanka, wayoyin kuma ɗan taɓi kaɗan ke tsinka su. In zuba ruwa mai ɗumi sosai a baho, in kaɗa sabulun wanke kwanuka, in nutsa akwatin ciki kamar minti ashirin. Ba a dirza shi da soson ƙarfe, girgiza shi ake yi a cikin ruwan har dattin ya saki. Kada a kusantar da sabulun soda ko duk wani abu mai kaifin soda, domin yana cin alminiyam. Sai ɗauraya da ruwa mai tsabta har sai santsin sabulu ya tafi. Wayoyin kan yi wani farin tsatsa-tsatsa a jikinsu, ana goge shi a hankali da abin goge fensir ko ɗan ƙyalle. A duba kuma ƴan fararen maƙalan tangaran ko roba da ke raba ɓangaren mai wuta da jikin na'urar, domin datti ko baƙin layin ƙuna a kansu hanya ce ta satar wuta.

Sai mataki na ƙarshe, wanda ni da difilomata na faɗi a kansa. Rannan ɗoki ya ɗebe ni, na yarfe ruwan na mayar da akwatin da sauran laima. Ina kunnawa sai ƙarar ta dawo fiye da da, kamar ana suyar gurjiya. Umma ta leƙo ta ce, "To injiniya, ka gyara ko ka ƙarasa ta?" Ruwa yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya tsakanin faranti biyu ya isa. Dole a jingine shi ya bushe ƙarau, in da hali a bar shi ya wuni, a inda ƙura ba za ta sake sauka a kai ba. Wajen mayarwa kuma a lura da kibiyar da ke jikin akwatin, tana nuna inda iska ke bi. In an juya shi baya, farantan za su riga wayoyin haɗuwa da ƙurar, aikin ya tashi a banza.

Sau nawa za a wanke? Littattafan kamfanoni sukan ce wata ɗaya zuwa uku, amma ba a garin da ake hazo aka rubuta su ba. A ɗakin Umma, da hunturu duk sati biyu nake zarowa, ragar gaba kuwa duk Juma'a. Ɗakin da ake turaren wuta kullum ya fi haka buƙata, domin hayaƙin yana barin wani maiƙo mai danƙo da ƙura ke mannewa a kai.

Idan an wanke, an shanya, ƙarar ba ta daina ba, a ɗaga akwatin a hango haske ta tsakanin farantan. Wanda ya lanƙwasa zai nuna kansa, a miƙe shi a hankali. A duba ko wata waya ta tsinke ta faɗa tsakani, a cire guntayenta duka, a nemi irinta a sa. Kada a ɗaura wayar tagulla a madadinta. Idan kuma na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya, kafin a yanke mata hukunci a duba murfinta. Akwai ɗan makunni da murfin ke dannawa idan ya rufu sosai, an sa shi ne don wuta ta yanke da zarar an buɗe. Murfi bai zauna daidai ba, na'ura ba za ta tashi ba. Na ga masu gyara suna ɗaure wannan makunni don a huta. Wannan ganganci ne, musamman a gidan da ke da yara. Haka nan fis idan ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya.

Akwai kuma abin da ke kashe kayan hannu tun ranar farko. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar da aka ƙera don can, idan aka cusa ta a soket ɗinmu ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi za a gani. Rubutun yana nan a bayanta, karantawa ce ba a yi. Ga hawa da saukar wuta, ga janareta, shi ya sa sitabilaiza ba almubazzaranci ba ce.

Iyakata ke nan, kuma ita ce iyakar mai gida. Abin da ya shafi akwatin da ke haifar da dubban bolt ɗin nan, na ƙwararre ne mai kayan awo. Mitar da muke auna batir da ita ba ta ɗaukar wannan wuta.

Abu biyu ne ba zan ɓoye ba, ko da za su rage wa na'urar kwarjini. Na ɗaya, irin wannan na'ura tana fitar da ɗan iskar ozon, wani wari mai kama da na wurin da ake walda ko na injin hoton takardu. Ozon yana fusata huhu, kuma mai asma ya fi kowa jin sa. Jihar Kalifoniya ta Amurka har doka ta kafa cewa na'urar tace iska ta gida kada ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Farantai masu datti da tartsatsi suna ƙara warin. Da na san wannan sai na matsar da tamu nesa da gadon Auta, na kuma ce a gaya wa likitanta. In da yau za mu sake saye saboda mai asma, mai matatar HEPA zan ce a ɗauko. Na biyu, ƙura take kamawa, ba ta kama guba mai siffar iska. Wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa saboda sanyi, ko ya kunna janareta a lungun da hayaƙi ke shigowa, na'urar nan ba za ta cece shi ba. Gubar da ke kisa a irin wannan hali ba ta da launi ba ta da wari, ta tsakanin farantan za ta wuce abinta.

Yanzu na dawo gare mu. Bayan na gama gyaran, na ɗauki rabin takarda na rubuta matakan nan da Hausa, layi tara, na manna a gefen na'urar da salatif. Wata biyu ina wajen aiki a wani gari, na dawo na tarar Umma da Auta sun wanke ta sau uku ba tare da sun kira ni ba. Wata maƙwabciya ma ta ɗauki hoton takardar da waya, ta ce ɗan'uwanta yana da irinta a ajiye. Na rubuta gajerun labarai sun fi ashirin, ban san ko akwai wanda ya yi wa wani amfanin da layi taran nan suka yi ba. Wannan tunani ya dame ni kwana da kwanaki.

Na kawo maganar a zaman ƙungiyarmu ta marubuta, na sha suka, kuma sukar tana da ma'ana, don haka zan kawo ta yadda aka yi ta.

Wani ya ce marubuci ba makanike ba ne, adabi daban, littafin gyara daban. Na yarda iri biyu ne. Amma Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da yadda duniya take. Bai ga hakan ya rage masa daraja ba. A zamaninmu ma Baban Sadiq ya daɗe yana bayanin kwamfuta da intanet da Hausa a jaridar Aminiya, mutane suna bi. Hanyar a share take, mabiya ne suka yi kaɗan.

Wata ta ce Hausa ba ta da kalmomin. Ku koma sama ku duba: raga, faranti, waya, makunni, caji, tartsatsi. Da su na yi bayanin na'ura mai bolt 8,000. Inda babu kalma, a je wajen masu gyara a ji abin da suke kira, domin su ba su jira wani kwamiti ba kafin su ce fis da filogi. Inda su ma ba su da ita, a bayyana abin da kalmomin da kowa ya sani. Wahalar da ke ciki ta marubucin ce: ba za ka iya sauƙaƙa abin da kai ma ba ka gane ba. A labari kana iya lulluɓe rashin sani da kalmomi masu daɗi. A bayanin gyara, in ka tsallake matakin shanyawa, na'urar za ta tona maka asiri a gaban mahaifiyarka.

Wani kuma ya ce ai wannan kayan masu kuɗi ne, mutum nawa ke da ita? Gaskiya ne, ba kowane gida ba. To amma gida nawa ne babu fanka mai caji, ko fitilar sola, ko batirin inbata, ko injin markaɗe, ko keken ɗinki? Kowannensu yana da irin nasa layi taran da babu wanda ya rubuta. Mai kuɗi in abu ya tsaya sabo zai saya. Wanda ya yi adashe ya saya, shi ne ke lulluɓa ƙyalle ya ɗora filas.

Sukar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta wani dattijo a cikinmu. Ya ce, "Ɗana, in ka koya wa mutane buɗe kayan wuta, wani ya ji rauni, alhakin wa?" Ban da amsar da ta wuce wannan: mutane suna buɗewa ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, sai dai su buɗe a makance. Amma maganarsa ta ɗora mana sharaɗi. Duk wanda zai yi irin wannan rubutu, gargaɗi ya riga umarni zuwa, ya faɗi inda mai gida zai tsaya ya kira ƙwararre, kuma kada ya rubuta matakin da bai gwada da hannunsa ba ko bai tabbatar a wajen masani ba. Kwafo bayani daga intanet a juya shi Hausa ba tare da an taɓa na'urar ba, ya fi shiru haɗari.

Ba cewa nake a bar labarin soyayya ba, ni ma ina da guda a hannu yanzu haka. Roƙona ƙarami ne. A cikinmu akwai nas, akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai wadda ta karanta aikin gona, akwai wanda mahaifinsa bakanike ne. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da ke gidansu, ya rubuta yadda ake kula da shi a shafi guda. Sannan ya miƙa wa wanda bai taɓa buɗe abin ba, ya koma gefe ya yi shiru, ya ga ko zai iya bi. Duk inda mai karatun ya tsaya yana juya takarda, nan ne rubutun ya gaza, sai a koma a gyara. Ni sai da na sake rubuta tawa sau uku, domin a ta farko na ce "a sauke caji", Auta ta tambaye ni ko daga kan tebur za a sauke shi.

Hunturu yana tafe. Wanda ke da irin wannan na'ura a ajiye, ya cire ƙyallen ya duba ta tun hazo bai sauka ba. Wanda kuma ya rubuta nasa shafin, ya kawo mu karanta mu yi masa gyara kamar yadda muke yi wa labari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su amfani mutane. Wassalam.